Goriba a Ƙarƙashin Faifai

Ina aji shida a lakwal, wato firamaren Tajaye, wata rana bayan azahar malaminmu, da muke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya shigo da ƙwarya biyu rufe da faifai, ƙamshin goriba na biye da shi.

"Goribar cikinsu daidai take," in ji shi. "In na haɗa da ukun ga na hannuna, sha ɗaya ke nan. Wanda ya faɗi ta ƙwarya guda bai buɗe ba, tashi ce."

Ya rubuta x a allo, wai sunan abin da ke ɓoye. Na ɗaga hannu, don a gida an hana mu faɗin abin da ba mu gani ba.

"Mushe, wanga ba shaidar zur ba ce?"

Ya yi dariya. "Kai dai cire ukun, sarkin tsoro, ka raba saura biyu."

Na cire, na raba, na ce, "Huɗu."

Ya ɗaga faifai. Huɗu cif! Na daka tsalle har na ture benci.

Karatuna bai wuce ajin nan ba. Yau ɗiyata da ke lise, babbar sakandare, tana cewa aljebar, lissafin nan na x, wahalar banza ce, gara a soke ta. Ni kuwa fargabata kada a soke kafin ita ma a ɗaga mata faifai.