Koren Haske a Gilashi na Biyu

Gilashi na biyu ya sake yin haske.

Dakta ta ɗago kai daga madubin duba ƙwayoyi, ta murza idanu da bayan hannu, ta sake leƙawa. Abin yana nan: ɗige-ɗige kore shar a cikin duhu, kamar idanun kyanwa.

A kan wannan aiki ƙuruciyarta ta ƙare. Sukari take haɗawa da ruwan lemon tsami, ta rufe a tukunyar ƙarfe, ta gasa har ya yi baƙi. A cikin ƙonewar ne wata ƙura ta gawayi ke haɗuwa, ƙwayoyinta ƙanana ƙwarai, dubbansu za su jeru a kaurin silin gashi. Idan aka haska musu wata fitila mai launin shunayya, sai su sha hasken, su dawo da shi kore. Ita kuma ta lulluɓe su da wani sinadari da ƙwayoyin sankarar jini ke haɗiya da haɗama. Inda cutar take, nan ƙurar za ta taru ta haska.

Gwajin ba shi da wuya. Gilashi biyu ne. Na farko jinin majinyaci daga asibiti, dole ya haska. Na biyu jinin mai lafiya, dole ya zauna baƙi wuluk. In na biyu ya haska, aikin ya tashi a banza. Farfesa kuwa, shugaban sashen, ya riga ya faɗa: in aka sake samun tangarɗa, zai rufe binciken ya ba wasu ɗakin.

Jinin mai lafiya ba a zuwa nemansa da nisa. Duk wanda ke kusa, shi ake soka. Yawanci Dogo ne, abokin aikinta, wanda ke cewa yatsunsa sun zama rariya.

"Wannan karon dai ba a taɓa ni ba, kada a ce nawa ne ya ɓata," in ji shi daga bakin ƙofa. "Yaya, Anti? Hasken ya mutu?"

"Yana nan. Kuskurena ne. Ina jin ban wanke gilashin da kyau ba."

Ta wanke. Ta ɗauko sabo. Ta canza fitila. Ta zubar da ƙurar jiya ta gasa wata, ta tsaya kan tukunyar har ƙaurin ya kama mayafinta. Kore dai.

Wayarta ta yi ta rawa a kan tebur. Maigidanta ne. Ta kifa ta.

Da azahar ta shimfiɗa darduma tsakanin firij da bango. Ta daɗe a sujada, har Dogo ya leƙo ya koma. Abincinta na nan yadda ta zo da shi, ko murfin ba ta buɗe ba.

Da Farfesa ya shigo, ita ce ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, ka duba mini. Na san akwai inda na ɓata. Ko zafin wutar ne, ko ruwan, ko hannuna."

"Ikon Allah," in ji Dogo. "Tun da nake ban taɓa ganin mai roƙo a kama shi da laifi ba."

Farfesa bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga, ya ce kowa ya matsa. Ya kamo yatsan Dogo ya soka, Dogo na ihun an ci amana. Aka ja labule, aka kunna fitila. Jinin Dogo baƙi ƙirin, ko ɗigo ɗaya babu.

Dakta ta dafa tebur.

Ya sa gilashinta na biyu. Kore. Sai ya ɗiga wa ragowar jinin rinin da asibiti ke amfani da shi, ya sunkuya a kan madubi, ya daɗe bai ɗago ba. Ba ka jin komai a ɗakin sai gurnanin firij.

Da ya miƙe, fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Ba ki ɓata komai ba! Ƙurarki gaskiya ta faɗa. Mai jinin nan ba lafiyayye ba ne, cutar na jikinsa, bai sani ba ne kawai. Kin gane abin da kika yi kuwa? Kin riga asibiti gani!"

Dogo ya yi kabbara, ya hau buga tebur. Farfesa ya ce ba ɗakin nan kaɗai ba, har na kusa ma ya ba ta.

Sannan ya sassauta murya. "Amma a nemo bawan Allahn nan, a kai shi asibiti yau, kada ya kai gobe. Wa kika soka?"

Dakta ta tuɓe farar rigar aiki, ta rataye, leɓɓanta na motsi da innalillahi. Lokacin tashi daga makaranta ya yi, autarta na can bakin ƙofar makarantar tana jira, da filasta a ɗan yatsan da ta miƙo da kanta aka ɗebi jini, tana murna ita ma ta taya Mama aiki.