Kirsimetin da Tsoho Ya Yi Shi Kaɗai

Kana ta ƙorafi 'ya'yanka sun watse, ba sa zuwa gida biki? To gyara zama, in ba ka misalin wani manomin citta da aka yi a kudancin ƙasar Zazzau.

Mutumin nan dattijo ne a ikilisiyar ƙauyensu. 'Ya'yansa uku duk sun girma, kowa ya yi aure ya kama gari: babban yana Jos, macen tana aikin jinya a Kaduna, autan kuma yana Minna. Doka ɗaya ya kafa musu, cewa duk inda mutum yake, Kirsimeti a gidan uba ake yi. Haka aka yi shekara da shekaru. A yanka akuya, tsohuwa, wato matarsa, ta soya cincin cike da daro, a kai wa maƙwabta Musulmi shinkafa da miya, a tafi sujada a jere, shi yana gaba da sandarsa, jikoki na biye. Ba abin da yake faranta masa rai kamar ya ji ana cewa, "Ga gidan wane nan, sun cika benci uku."

Amma wanda ya yi aure ya sami iyaye biyu, kuma surukai ma suna son ganin nasu jikokin. Yaran suka roƙe shi a raba, bana nan, baɗi can, ko kuma shi da Mama su riƙa zuwa wani lokaci. Tsoho ya kaɗa kai ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin rijiya ta bi guga ba. Sai ga wata shekara abubuwa suka haɗu. Matar autan ta haihu ana saura kwana takwas biki, ba ta iya doguwar tafiya. Macen kuma hutun kwana biyu kawai aka ba ta a asibiti. Suka yi shawara a haɗu duka a Minna, suka ce za su aiko da mota ta ɗauki iyayensu. Tsoho ya ce ba inda za shi. Tsohuwa ta yi lallashi har bakinta ya gaji, daga ƙarshe ta ɗaure ƙullin daddawa da garin kunu, ta ce, "Maigida, ni dai zan je in ga jaririn nan." Bai hana ta ba, bai kuma raka ta bakin hanya ba.

Ranar biki ya sa babbar rigarsa ya tafi majami'a, ya zauna a kan bencin da iyalinsa suka saba cikawa. Wasu baƙi ne suka zauna a gefensa. Da ya dawo gida, tsakar gida shiru, murhu a sanyaye, akuyar da ya yi wata huɗu yana kiwatawa tana ɗaure a turke, don ba wanda zai yanka wa. Matar maƙwabcinsa ta aiko masa da abinci a kwano, shi da kullum daga gidansa kwanuka suke fita. Ya ci loma uku ya rufe.

Da rana ta karkata babban ɗansa ya kira shi a waya. Tsoho yana jin hayaniya a bayansa, ana dariya, jariri na kuka, wata tana rera waƙar haihuwar Almasihu, ya gane muryar matarsa ce. Ɗan ya miƙa wa 'yarsa mai shekara huɗu wayar, ya ce, "Zo ki gaida Kaka." Yarinyar ta ɗauka da murna, ta ce, "Kaka, yaushe za ka sake kawo mini rake?" Uban ya yi sauri ya ce, "A'a, ba wannan ba, ɗaya Kakan ne, na ƙauye." Sai ta mayar wa uban da wayar.

Tsoho ya daɗe zaune a kan turmi. Ya san mai raken, surukin ɗansa ne, tsoho ne kamarsa har ya girme shi, ga ciwon gwiwa, amma duk bayan 'yan watanni sai ya hau mota ya je ya kwana biyu wurin jikokinsa. Shi kuwa da yake jira a zo a same shi sau ɗaya a shekara, ga jininsa ba ta ma san muryarsa ba.

Gari na wayewa ya kwance akuya ya ja ta zuwa tasha. Mota biyu ya canza, akuya na kuka a baya tun daga ƙauye har Minna. Da ya yi sallama a ƙofar gidan, ba wanda ya tayar da maganar da ta wuce. Mai jego ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da hanya," ta ɗora masa jariri a cinya. Tsohuwa ta kalle shi, ta kalli akuya, ta kau da kai tana murmushi. Yarinyar nan kuwa sai da ta kwana biyu tana leƙensa daga bayan zanen uwarta, a rana ta uku ta zo da kanta ta ja masa gemu.

Daga wannan shekara ba a sake yin doka ba. Wani bikin a yi a ƙauye, wani a Jos, wani kuma yaran su tafi gidan surukai, su tsofaffin su bi su da gaisuwa a sabuwar shekara. Benci uku bai ƙara cika a rana ɗaya ba, amma har ya koma ga Mahaliccinsa ba jikan da bai san takunsa daga ƙofar gida ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunci a ƙafa yake.