Rijiyoyin Yaya Sabiru

Kwana uku Sabiru yana gaban ordinater, wato kwamfuta, yana zana taswirar wasan yaƙi. Gabas ya zuba rijiyoyi da ganuwa. Yamma kuwa rairayi zalla. Injiniyan garin Kanan-Bakashe ke nan!

Ya kira ƙanwarsa. "Nasiba, zo mu kara. Wanda aka ci zai ja ruwan gida sati guda."

"Yaya, rabon daidai ne?"

"Daidai wa daida!" Ya kai hannu zai danna gabas.

Inna ta aje rariya. "Tsaya. A gidan nan, ko naman layya ne, wanda ya kasa shi ke ɗauka daga ƙarshe."

Nasiba ta zaɓi gabas.

Yau kwana biyar Sabiru yana jan guga. Rijiya dai ya so, ga shi ya samu.