Gurbin Goggo

Kujerar baya Goggo ta samu, tsakanin kular ruwa da jakunkunan yara. Ba wanda ya tura ta can. Ita da kanta ta tattare zaninta ta haura, kamar yadda ta saba duk shekara idan an tashi zuwa taron dangi.

Likita ne ke tuƙi. Mama, matar marigayi yayan Goggo, tana gefensa, sanyin mota na dukan fuskarta. Matar Likita da yaransu uku suna tsakiya, kowa ya dulmiya a wayarsa. Kafin sanyin ya iso baya ya zama hucin tukunya. Goggo ta yi ta fifita da murfin kwali.

Tafiyar awa bakwai ce a tsakiyar bazara, kuma ita ce ta ƙarshe. Likita ya samu aiki a ƙetare, sati biyu suka rage ya kwashe iyalinsa, har da Mama. Kwana uku Goggo ta yi a bakin keken ɗinkinta tana shirya magana, ta jera, ta warware, ta sake jerawa. Minti biyar kawai take nema da shi, su biyu.

Daga inda take, ƙeyarsa kaɗai take gani. Furfura ta fara leƙowa a bayan kunnensa. Yaushe? Bara babu ita. Ta ɗan ɗago kai, sai suka haɗa ido da Mama ta madubi. Goggo ta mayar da kallonta kan gonakin da ke wucewa.

Da azahar suka tsaya a gidan mai. Kowa ya watse zuwa shago da banɗaki. Sai da ƙaramar 'yar Likita ta ce, "Baba, an bar Goggo cikin kaya!" sannan aka kwantar mata da kujera ta fito, ƙafafunta sun yi tsami.

Ta same shi a tsugune yana duba taya.

"Likita."

"Na'am, Goggo. Gwiwar ce?"

"A'a. Wata 'yar magana ce."

Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya ba ta hankalinsa gaba ɗaya. Ta buɗe baki ke nan, muryar Mama ta taso daga ƙofar shago: "Ɗana, zo ka kama ni, matakalar nan ta fi ƙarfina."

"Riƙe maganar, Goggo, ina zuwa."

Ayaba biyu kawai ta samu ta tura masa a hannu. "Ka sa wani abu a cikinka, kar ciwon kan nan ya taso."

Ya yi dariya. "Goggo ta fi ni sanin jikina, ni da nake likita."

Mama ba ta taya shi dariyar ba.

Bayan la'asar suka isa. An kafa rumfuna a tsakar babban gidan, an jera kujerun roba, lasifika na ta ƙara. Kowace mace da zugarta, 'ya'ya da surukai da jikoki. Goggo ta sha gaisuwa a tsaitsaye. "Goggon kowa, kin iso?" Kafin ta amsa mai gaisuwar ya yi gaba. Ba a jima ba aka kawo mata rigar wani yaro da ta yage, ta ɗinke. Daga nan ta zarce bakin famfo, inda kwanuka suka taru.

A can Mama ta same ta, tana dogara sanda.

"Na san abin da ke bakinki," in ji Mama, murya ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah ki bari mu tafi lafiya."

Goggo ta ɗago, kumfa har gwiwar hannu. Ta zaci faɗa za ta gani a fuskar. Tsoro ta gani, irin na tsohuwar da abu ɗaya ya rage mata a duniya.

Kafin rana ta faɗi aka manna babban farin kwali a bango, za a zana salsalar gidan. Aka ba Likita alƙalami, wai shi kaɗai ne likitan da ake iya karanta rubutunsa. Duk sunan da ya rubuta sai an yi tafi, sannan ya ja rassa a ƙasa, masu reshen su yi shewa. A ƙarƙashin mahaifinsa da Mama ya rubuta kansa shi kaɗai, aka yi ta tsokanarsa da ɗan gata.

Sai ya iso kan Goggo.

"Goggo, me zan sa a ƙarƙashinki?"

Wata dattijuwa ta ce, "Ayya, mijinta bai cika shekara da ita ba ya rasu. Allah bai nufa ba."

"To ai mu duka nata ne," in ji Likita, don ya ɗauke mata nauyin maganar. Ya matso kusa da ita. "Af, ɗazu kin ce kina da magana."

Ga shi a gabanta, ba waya, ba sitiyari. Ta hangi Mama ta bayan kafaɗarsa, tsohuwar ta runtse ido, leɓɓanta na motsi.

"Ta shige mini," in ji Goggo. "Tsufa. Bar wurin haka, ya yi kyau."

Ya dafa hannunta, ya koma bango, ya ci gaba da sunan da ke kusa. Tafi ya sake ɓarkewa.

Goggo ta zauna a kujerar ƙarshe tana kallon hannun da ke ta jan rassa a ƙarƙashin sunayen wasu. Rabonta da ta riƙe hannun nan son ranta tun yana da kwana tara a duniya, ranar da ta cire shi daga ƙirjinta, nono na zuba, ta miƙa wa matar yayanta da ta shekara goma ba haihuwa.