Lasifikar da Ba Ta Rufa Asiri

Na dire lasifikokin situdiyon nan biyu a gaban mai shago, ina huci.

"Malam, ka cuce ni. Ka ce masu araha ne amma ba sa ƙara gishiri, abin da na ɗauka shi zan ji. To wata 'yar ƙara suke yi a duk waƙoƙina."

Wata uku na yi ina zaga shaguna kafin na zaɓe su, ina gyaɗa kai kamar gwani.

Ya jona su da wuta, ya sa waƙar wani, ta fito tas. Ya sa tawa, wadda na ɗauka a ɗakin ajiyarmu, matata na riƙe da bargo a bakin ƙofa saboda hayaniyar titi. Daidai inda nake ɗaga murya, ƙarar ta dawo. Ya kasa kunne, sannan ya sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, kayana lafiyarsu ƙalau. Wannan dariya ce ake dannewa."

Waƙa goma sha biyu, kowacce na ɗauka sai matata ta ce min, "Wallahi ta yi daɗi, maigida."

Na rungumi kayana. A bakin ƙofa na juyo.

"Ba ka da irin tsofaffin lasifikokina, masu yi wa mutum kara?"