Cokali Ɗaya na Baƙin Mai

Ina neman afuwar mai karatu tun daga farko, domin hannuna bai nuna a rubutu ba; sai da gemuna ya fara fari na san yadda ake riƙe alƙalami. Wani dattijo ne ya buga mini wannan misali ranar da ya tarar da ni a kasuwa ina taya abin zuƙe man babur, na ga ya dace in ajiye shi a takarda.

An yi wani masaƙin tabarma mai suna Tanimu a wani ƙauye na bakin gulbi, yana da babur guda wanda yake kai tabarmi kasuwanni da shi. Son da yake yi wa babur ɗin nan ya wuce misali. In ya zauna saƙa da hantsi, yatsunsa na cikin kaba, hankalinsa kuwa na cikin inji. Yakan ga kamar ya ƙanƙance ya zama tururuwa, ya shiga ta bakin da ake zuba mai, yana yawo cikin ɗakuna masu sheƙi, mai mai launin zuma na malala a ƙarƙashin ƙafarsa. Abu ɗaya ke ɓata masa yawon. A can wani lungu akwai ɗan kududdufin baƙin mai, ragowar da ba ta fita in an kwance noti an yi juye, kuma kullum a bakinsa mafarkin ke yankewa.

Ya kai kukansa wurin bakaniken garin, wani tsoho mai aiki a gindin tsamiya. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Malam Tanimu, abin da ke damunka bai fi cokali ba. Ka riƙa juye a kan lokaci, tun inji na da ɗumi, ka ɗan karkata babur ɗin ya tsane, sabon mai zai haɗiye sauran. Ko tukunyar gidanku ai ba a kankare ta har ta huje." Tanimu ya yi godiya, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ran kasuwa ya sayo wani ɗan famfo mai dogon bututun roba, wanda mai tallarsa ya rantse yana zuƙe ragowar har ɗigon ƙarshe.

A kwanakin nan ne mahaifiyarsa ta matsa a kai ta ta gano yayarta, wadda ke kwance ba lafiya a wani gari can ƙetaren fadama. Hanyar kuwa ta rani ce. Da ruwan farko ya sauka gulbi ke cinye mashigi, ba a sake bi sai kaka. Ga shi hadari ya fara leƙowa daga gabas kowace yamma.

"Kai yaron nan," in ji tsohuwa, don ba ta kama sunan ɗan fari, "ni da Yaya ba mu da wata kakar da muka ajiye a rumbu."

Ya ce, "Gobe da izinin Allah, Inna. Bari in wanke masa ciki tukuna."

Da la'asar ya tura babur bakin gulbi, inda ya saba wanke shi. Ya kwance noti, mai ya tsiyaye, sannan ya zura bututu ya ja. Wani zaren baƙi ya hau cikin robar a hankali, Tanimu ya ji sanyi a ransa kamar an cire masa ƙaya. Ya ajiye famfon a ƙasa, ya shagala da kallon balbelu suna keta jan sararin yamma. Can sai zuciya ta raya masa akwai saura, ya ɗauka ya sake zurawa. Haka ya yi ta yi har rana ta faɗi, sannan ya ɗaure noti ya zuba sabon mai. Bai lura ba cewa roba mai maiƙo, duk sanda ta kwanta a rairayi, da rigar yashi take tashi. Ya fitar da cokali ɗaya na baƙin mai, ya shigar da gaɓar gulbi ƙwaya-ƙwaya.

Washegari ya goya tsohuwa, tana rungume da ƙullin daddawar da za ta kai tsaraba. Fadama na shimfiɗe a gabansu shiru, giginyu na wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar masu rakiya. Babur ya tafi sumul na ɗan lokaci, amma tun ba su kai mashigi ba injin ya fara wani kuka irin na dutsen niƙa, ya yi tari, ya ɗauke. Tanimu ya taka ya taka, ko motsi. Suka zauna a gindin giginya. Sai ga iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ga ɗigon farko a bayan hannun tsohuwa. Ta daɗe tana duban ɗigon, ta ɗaga kai ta dubi wajen garin yayarta, sannan ta ce a hankali, "Cikin nasa dai ya fita tas, ko?"

Amalanken shanu ne ya mayar da su gida, babur na kwance a bayansa. Kafin kaka ta zo, mai kwalekwale ya kawo saƙon rasuwa, ƙullin daddawa na nan rataye a ɗakin tsohuwa ba a kwance shi ba.

Dattijon ya ce mini famfon ba shi da laifi a hannun mai tsabta, sai dai duk amfaninsa cokali ne, kuma wanda ya zuba wa cokali ido ba ya ganin abin da ke shiga tukunya. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.

Inda na karkace a harafi ko a magana, ina roƙon masu sani su miƙe mini shi, Allah ya saka musu da alheri.