Baitin 'Yar Fari

Ka ce za ka hana yaran nan rera waƙoƙin marigayiyar uwarsu don kada su riƙa tuna ta. Dakata tukuna, ɗana, in ba ka wani misali, ka auna da kanka.

An yi wata mata a wani ƙauye na bakin kogi, ta haifi 'ya'ya huɗu. Ta farin mace ce, ka kuwa san al'adarmu da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kau da kai har wani ya ɗauke shi. Da aka yaye yarinyar, kakarta ta zo ta goya ta, ta tafi da ita ƙauyensu a hayin kogi, can ta girma. In ta zo ganin gida da salla, uwar takan ajiye mata akushin tuwo ba tare da ta dube ta ba, in za ta kira ta sai ta ce "ke" kawai. Ƙannenta kuwa suna hawa cinyar uwar, suna jan ɗankwalinta, tana yi musu dariya. Kowa ya gaya wa yarinyar cewa kunya ce, ita ma ta san kunya ce, amma zuciyarta ba ta taɓa gamsuwa ba. Tana da shekara goma sha huɗu aka aiko cewa uwar ta rasu bayan zazzaɓin kwana shida. Aka ƙetaro da ita a kwalekwale don ta riƙe ƙannenta. Ta yi zaman makoki idonta a bushe, mata suna cewa, kai, yarinyar nan akwai haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Ƙannen suna kuka don an ɗauke musu abin da suka saba da shi. Ita kuwa ta laluba cikin ranta, ba ta sami ko kalma ɗaya mai daɗi da uwar ta taɓa gaya mata ba. Abin da ke cin ta shi ne ba ta sani ba ko matar nan ta taɓa son ta, wadda za ta tambaya kuma tana ƙarƙashin ƙasa. Ta rame, ta rage magana, in ta gama aiki sai ta zauna a ƙofar ɗakin uwar tana kallon tabarmar da aka naɗe aka jingine.

Bayan sadakar arba'in, wata rana da hantsi, ta durƙusa a gaban dutsen niƙan uwar, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa. Ta zuba dawa tana niƙa shiru. Autarsu, 'yar shekara biyar, ta tsuguna tana kallonta, can ta ce, "Yaya, ba haka Inna take yi ba. Sai da waƙa gari yake fita." Ta ce ita ba ta iya ba. Sai autar ta fara rerawa da 'yar siririyar muryarta, ƙannenta maza biyu suka bar wasansu suka zo suna amshi, don duk a bayan uwar suka koye ta tun suna goye. Waƙar ta yabi dutse, ta yi wa dawa gorin taurin kai, ta kira ƙannen uku ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kowa da tsokanarsa: wannan mai lashe ludayi, wancan mai tsoron zakara. Hannun babbar ya kama bin waƙar da kansa, dutse yana amsawa. A ranta ta ce, ga shi nan, ko a waƙa babu ni. Sai autar ta sassauta murya yadda uwar take yi, ta ja wani baiti:

"Ta hayin kogi, mai tabo a gira,
Baki ya ƙi kira, zuciya tana kira.
Mai jirgi, in ka gan ta a mashigi,
Ka duba mini ko ta ci ta ƙoshi."

Hannunta ya tsaya a kan dutsen. Ta shafa girarta, inda ta fashe a dokin ƙofa tun tana rarrafe. Babban ƙanenta ya ce, "Kullum sai Inna ta yi wannan. In kin zo ne kawai take tsallake shi." Nan kukan kwana arba'in ya ɓalle mata, hawaye yana zuba cikin garin, ƙannen suka faɗa jikinta suna yi tare. Ubansu ya jiyo daga zaure, ya taso zai tsawata musu, ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara, ya koma ya zauna.

Daga ranar ta koma cin abinci, ta sa ƙannen suka koya mata waƙar daga farko har ƙarshe. Kewar dai ba ta tafi ba. Har ta yi furfura, in ta zo kan baitin nan takan ce da ma sau ɗaya ta ji shi daga bakin mai shi. Amma ta san wadda take kewa, ta kuma san an yi kewarta. Da wani mai tausayi ya hana ƙannen nata waƙa, da ta shiga kabarinta ba ta sani ba. Kunya ta rufe bakin uwa, kogi ya shiga tsakani, mutuwa ta biyo baya, duk da haka saƙon ya isa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce, ba a raba hanta da jini.